Yaro na kallon hannunka

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Tawa, da Kalfu, da Barmu, da Tamaske, da Keita, yau zancenmu bisa gaskiya ne, amma ba gaskiyar yara ba, tamu ta manya.

Kowane uba na so ɗansa ya tashi mai gaskiya. In yaro ya yi ƙarya, sai a ɗauko tsumagiya. To, kafin mu ɗauko ta, mu tambayi kanmu: wa ya koya masa?

Mai bin bashi ya yi sallama ƙofar gida. Kana zaune cikin ɗaki, ka ce wa yaro: «Je ka ce ba ni nan.» Yaro ya je ya faɗi. Ran nan ka yi masa darasi, ba allo ba alli. Gobe in ya ce maka ya tafi lakol alhali bai je ba, darasinka ne ya biya.

Mu je kasuwar Tawa ran Lahadi. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Tiya guda ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. Mai awon da ke rage tafi guda ga kowace tiya, sau 40 ya ci haƙƙin mutane cikin buhu ɗaya. Ɗansa ne ke riƙe masa bakin buhu. Haka mai albasa da ke zuba ƙanana da ruɓaɓɓu tsakiya, ya jera manya bisa. Ɗiyansa ne ke taya shi tsinta. Albasar Adar ta yi suna har Abijan. Algus na ɓata sunan kowa, har wanda bai yi ba. Alƙur'ani ma, cikin sura ta 83, ya yi kashedi ga masu tauye mudu.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Samarin Adar da yawa na can cin rani, Kodibuwa, ko Najeriya, ko Libiya. Suna aiko da kuɗɗi gida. Tsohuwa ta karɓi takarda, ko saƙo ya shigo salularta, ba ta iya karantawa. Wurin wa za ta zo? Wurinka, kai da ka yi karatu. In an rubuta jikka 50, ka ce jikka 50. Ba ta da ido bisa takardar nan sai naka. In ka ce 45, ita ba ta sani ba, amma ɗanka da ke lakol ya iya lamba, kuma yana tsaye bayanka.

Saboda haka karatu amana ne. Kafin Annabi (SAW) ya fara kira, mutanen Makka sun riga sun sa masa suna Al-Amin, don sun ga halinsa.

Ga aikin wannan sati. Ɗauki kayenka. Rubuta sunan duk wanda ke bin ka bashi, da yawan kuɗɗin, da ranar biya. Kira ɗanka ya karanta tare da kai. In rana ta zo ba ka samu ba, je da ƙafarka ka ba da haƙuri, ka tafi da yaron ya ji.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wani sati, in Allah ya kai mu.