Argungu: Kallo Ya Ishe Mu Haka

Shugaba, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da kuka hallara a nan Tudun Wada, Sakkwato.

An nemi mu yi bayanin ziyarar da muka kai Argungu, garin Kabawa, wanda ke bakin Gulbin Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100 daga nan. Galibinmu ba mu san komai game da garin ba sai bikin kamun kifi. Shi kuwa bikin, a sigarsa ta yanzu, ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin don a binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

Mun ga makamai da tambura a Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. To amma abin da ya fi daraja ba ya rataye a bango. Yana cikin kan Sarkin Ruwa da dattawan masunta: wane lokaci ake hana su a Matan Fada don kifi ya hayayyafa, yaya ake saƙa homa, yaya mutum ke hawa gora ya ratsa gulbi. Dattijo ɗaya in ya kwanta dama, littafi guda ne ya ƙone.

Mu dubi ƙasar Sin. A lardin Yunnan akwai wani tsohon gari, Lijiyang, inda hanyoyin ruwa ke ratsa unguwanni. Mutanensa, ƙabilar Nashi, sukan jera rijiyoyi uku: ta farko don sha, ta biyu don wanke ganye, ta uku don wanki. Malamansu na gargajiya sun taskace saninsu da wani rubutu mai kama da zanen hotuna, ana nazarinsa har yau. Mu da muka gaji ajami muka ƙara da boko, wane hanzari gare mu?

Kada mu ɗauka bikin ba ya yankewa, domin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta riƙa tura mutane biyar-biyar kowane hutu, su durƙusa gaban dattawan nan da ladabi, su rubuta abin da suka ji da Hausar masu faɗar, a ajiye a laburare.

Allah ya ba mu ikon aikatawa.