Faifan da ya fi fam dubu 25

Darajar tsohon faifan garmaho na waƙoƙin soul tana farawa ne daga ƙarancinsa. A 1965 kamfanin Motown na Detroit a Amurka ya buga gwajin waƙar Frank Wilson mai suna "Do I Love You". Ba a fitar da faifan kasuwa ba, aka lalata kusan duka kwafin, 'yan ƙalilan suka tsira. Daga baya, can a arewacin Ingila, matasan gidajen rawa irin su Wigan Casino suka rungumi waƙar, farashinta ya yi tashin gwauron zabi. A 2009 an sayar da kwafi ɗaya fam 25,742.

Bayan ƙaranci sai lafiyar faifai. Masani yakan karkata shi a gaban fitila yana neman ƙarce, sannan ya ɗora allura ya saurara ko akwai ƙarar ƙarce. Yakan duba lambobin da aka zana a santsin da ke kewaye da takardar tsakiya, domin nan ne jabu ke tonuwa. Bugun farko yakan fi na baya tsada nesa ba kusa ba, ko da sautinsu ɗaya ne.