Jawabi Ga Direbobinmu Na Oyingbo Kan Ƙarar Ƙofar Mota



Maganata a kan ƙwaramniyar nan ce da muke ji cikin ƙofar mota, musamman in an shiga gargada tsakanin Oyingbo da Agege. Don Allah kada mu ƙure rediyo mu danne ta.

Da farko a kwashe tarkacen da ke aljihun ƙofar. Sannan wani ya dafa ta daga ciki ana tafiya. In ƙarar ta ɗauke, to maƙalan roba ne suka karye, ko sukuru ya kwance, kuma ana samun su a kasuwar Ladipo. In sai an sauke gilashi rabi take sauyawa, injin gilashin ne.

Legas garin ruwa ce. In ramukan ƙasan ƙofa suka toshe, ruwa ya kwanta, tsatsa sai ta ci har makulli. Wannan ita ce mai haɗari, jama'a, domin ƙofa na iya buɗewa da fasinja a kan gadar Eko. A kai wa makanike ran nan, kada a ce sai gobe.

Ran fasinja amana ne a hannunmu. Allah ya tsare mu. Wassalam.