Yadda Hotunan Tsofaffin Wasannin Bidiyo Ke Tsufa

Hoton wasan bidiyo ba ya koɗewa kamar hoton takarda. Bayanan da ke cikin kaset ɗin 1985 su ne dai a yau, amma abin da ido ke gani ya sauya. Wani wasan yana kai shekara arba'in da kyansa, wani kuma kafin ya cika goma ya zama abin kau da kai. Abu uku ne ke kawo wannan bambanci: burin masu zanen, allon da aka yi zanen dominsa, da idon mai kallo.

Abu na farko shi ne burin masu zanen. A zamanin farko na'urori ba su da ƙarfi. Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, tana nuna ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye, kuma kowane ƙaramin zane mai motsi launi uku kawai yake ɗauka. Wannan ƙunci ya tilasta wa masu zane su yi dabara. Lokacin da Shigeru Miyamoto ya zana Mario a wasan Donkey Kong na 1981, ya sa masa hula don ya huta da zana gashi, ya ba shi gashin baki don hanci ya fito ba sai an zana leɓe ba. Irin wannan zane alama ce, ba ya da'awar kama da mutum na gaske, shi ya sa babu wani ci gaban fasaha da zai ƙaryata shi. Da Super Famicom ta zo a 1990 da launuka 32,768 da za a zaɓa daga ciki, sana'ar ta nuna sosai, kuma wasanni irin su Super Mario World da Street Fighter II har yanzu suna da daɗin kallo.

Tsufa mai sauri ya fi kama wasannin da suka yi burin kamanta zahiri. Mortal Kombat na 1992 ya ɗauki hotunan mutane na gaske ya mai da su 'yan dambe, abin ya girgiza jama'a a lokacin, amma yau motsinsu a sandare yake. Haka abin ya kasance da wasannin farko na 3D, inda ake gina jiki da ƙananan alwatika. PlayStation ta 1994 ba ta iya lissafin zurfi daidai wajen shimfiɗa hoto a kan bango, don haka bango yakan lanƙwashe, jikin mutum ya riƙa rawa. Nintendo 64 ta 1996 kuwa ma'ajiyar hoton da take shafawa a jikin abubuwa kilobait 4 ce kacal, sai ta miƙe ƙaramin hoto ta dame shi, komai ya fito dishi-dishi. A Final Fantasy VII na 1997 hannuwan jaruman a fagen yawo dunƙule suke, babu yatsu. Duk wanda ya auna aikinsa da zahiri ya shiga tseren da na'urar gobe za ta wuce shi.

Duk da haka, ƙunci yakan zama ado idan ya gamu da gwani. Masu Silent Hill na 1999 sun lulluɓe garin da hazo domin na'urar ba ta iya zana abin da ke nesa, sai hazon ya zama tushen fargabar wasan. The Legend of Zelda: The Wind Waker na 2002 ya zaɓi salon katun, mutane da yawa suka yi ƙorafi da farko, amma da aka sake fitar da shi a 2013 bai buƙaci a sauya masa kama ba.

Abu na biyu shi ne allo. An zana waɗannan wasanni ne don tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda haskenta ke narkar da ɗigo cikin ɗigo, ga siraran layuka masu duhu a tsakani. Masu zane sun san haka, kuma sun yi aiki da shi. A Sonic the Hedgehog na 1991 an zana ruwan da ke gangarowa da layuka a jere, tsohuwar talabijin ta haɗe su suka zama ruwa garai-garai da ake hango bayansa. A shafaffen allo na yau sai layukan su fito tsirara. Sau da yawa wanda ya ce tsohon wasa ya yi muni bai gan shi yadda aka nufa a gan shi ba.

Na uku shi ne ido. Yaron da ya buga ƙwallon Winning Eleven a shagon gem a Kano ko Zariya yana cike giɓin hoton da tunaninsa, kuma abin da ya cike ɗin shi yake tunawa. Idan ya koma bayan shekara ashirin, idonsa ya riga ya saba da wani ma'auni.

Wannan ne ya sa sabunta tsohon wasa ke buƙatar hattara. An sake gina Resident Evil 2 na 1998 tun daga tushe a 2019, aka yaba. Amma da aka sabunta Grand Theft Auto: San Andreas a 2021 aka cire hazon nesa, sai faɗin ƙasar ya tsuke, aka ga cewa hazon ne yake ba ta girma. A ɗaya ɓangaren kuma, Shovel Knight na 2014 da Stardew Valley na 2016 sun koma zanen ɗigo da gangan, alhali na'urori sun fi ƙarfin haka nesa. Abin da ya fara a matsayin tilas ya zama salo da ake zaɓa. Masu adana tarihin wasanni kuwa suna ajiye tsofaffin talabijin tare da kaset da na'ura, ko su rubuta manhajar da ke kwaikwayon haskensu, domin hoton ba ya cika sai da allonsa.