Yuro da Dalar Amurka: Abin da Farashin Kullum Yake Nunawa



An nemi in yi magana a kan canjin Yuro da dalar Amurka, kuma na hango wasu riƙe da biro suna jiran in faɗi inda farashi zai dosa mako mai zuwa. Sai dai ku yi haƙuri. Tun 1983 masana tattalin arziki biyu, Richard Meese da Kenneth Rogoff, suka gwada manyan dabarun hasashen canjin kuɗi na zamaninsu, suka tarar a gajeren zango babu wadda ta fi mutum ya ce farashin gobe shi ne na yau. Tarihin farashi ba ya faɗin alƙiblar gobe. Abin da yake faɗa, kuma da gaskiya ƙwarai, shi ne girman tsallen da za a iya yi. A nan nake so mu tsaya yau.

Babu wasu kuɗi biyu da ake musanyawa a duniya kamar waɗannan. Ƙidayar da bankin BIS na birnin Basel ya yi a Afrilun 2022 ta nuna ana cinikin kuɗin ƙasashe na dala tiriliyan 7.5 kowace rana, kuma sama da kashi ɗaya cikin biyar na wannan ciniki tsakanin Yuro da dala ne. Yuro ya shiga kasuwa a Janairun 1999 a kan dala 1.18 ko kusa da haka. A Oktoban 2000 ya zube zuwa 0.82, duk da cewa manyan bankunan ƙasashen G7 sun haɗa hannu sun tallafe shi a watan Satumba. Daga nan ya yi ta hawa har ya taɓa 1.60 a Yulin 2008. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumba, kowa ya ruga neman dala, kafin ƙarshen Oktoba Yuro ya koma ƙasa da 1.25. A 2022 kuwa, da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa tun Maris, na Turai bai motsa ba sai Yuli, ga iskar gas ta yi tsada saboda yaƙin Rasha da Yukiren, sai Yuro ya yi kunnen doki da dala karon farko cikin shekara ashirin, ya gangara kusan 0.95 a Satumba.

Wannan labarin shekaru ne. Idan muka sauko kan kwana ɗaya, abin ba shi da hayaniya haka. A yawancin ranaku farashin yana motsawa da abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ɗaliban lissafi, ga hanyar da 'yan kasuwa suke bi: ranakun ciniki a shekara kusan 252 ne, tushensu na murabba'i kusan 16, don haka idan aka ce tangal-tangal ɗin shekara kashi 8 ne, sai a raba da 16, a sami kashi 0.5 a rana.

Matsalar ita ce wannan matsakaicin yana yaudara. Benoit Mandelbrot, da ya duƙufa kan farashin auduga a 1963, ya lura cewa manyan sauye-sauye suna bin manya, ƙanana suna bin ƙanana, ko sama aka yi ko ƙasa. Robert Engle ya mayar da wannan lura lissafi a 1982, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003. Manomi ya san haka a kan ruwan sama: ba a raba shi daidai a kan watanni goma sha biyu, idan ya sauka yau to akwai alamar gobe ma hadari zai haɗu. Ku duba 2019. Duk shekarar Yuro bai fita daga tsakanin 1.08 da 1.16 ba, har dillalai suna ƙorafin kasuwa ta yi barci. Sai ga Maris na 2020, annobar korona ta rufe duniya. Cikin makonni biyu farashi ya faɗo daga kusan 1.15 zuwa 1.06, tazarar da ta fi ta shekarar 2019 gaba ɗayanta. Wanda ya auna hatsarinsa da ma'aunin Disamba, ya shiga Maris da ƙaramar laima.

Ko a cikin yini ɗaya ma motsin ba ɗaya ba ne. Lokacin da Tokiyo ce kaɗai a buɗe, Yuro da dala sukan yi laƙwas. Da Landan ta buɗe sai a fara jin motsi, ya fi tsananta daga azahar zuwa bayan la'asar a agogonmu, sa'ad da Landan da Niyok suke ciniki tare. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ake fitarwa Juma'ar farko ta wata, yana iya yin motsin yini guda cikin mintuna. Wani lokacin ma magana ce kawai: ranar 26 ga Yulin 2012, ana tsakiyar rikicin bashin Girka da Sifen, Mario Draghi, shugaban babban bankin Turai na lokacin, ya shaida wa wani taro a Landan cewa bankin zai yi duk abin da ya kama don kare Yuro, kasuwa ta juya tun bai kashe ko sisi ba.

Ina ruwanmu? Ku tambayi ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Sefa a ɗaure take da Yuro tun 1999, a kan 655.957 duk Yuro ɗaya, a Nijar da Chadi da Kamaru baki ɗaya. Saboda haka duk tangaɗin da Yuro ya yi a gaban dala, Sefa ta yi shi ba tare da an shawarce ta ba. A Yulin 2008 dala ɗaya kusan Sefa 410 ce; a Satumban 2022 ta kusa 690. Mai shigo da shinkafa daga Asiya, wanda zai biya da dala bayan wata uku, yana cikin wannan kasuwa ko bai taɓa jin sunan Draghi ba. 'Yan canjin Wapa a Kano ma, masu juya Naira da Sefa da dala, suna jin bugun abin a hannunsu.

Sai kuma ku ƙannena masu ciniki a waya. Dillalin intanet yakan ba ka damar juya ninkin jarinka sau ɗari. Yi lissafin da kanka: motsin kashi 0.5, wato rana ta yau da kullum, ya cinye rabin jarin idan ya saɓa maka, kashi 1 ya share shi duka. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta duba asusun ƙananan masu irin wannan ciniki, ta ga kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari asara suke yi, shi ya sa a 2018 ta ƙayyade ninkin a kan sau 30 ga manyan kuɗaɗe. A ganina ko 30 ɗin ya yi yawa ga mai cinikin kuɗin makarantarsa.

Wasu za su ce ai sun sa umarnin a rufe musu ciniki da zarar asara ta kai wani mataki. Umarnin yana aiki ne idan akwai mai saye a wannan farashin. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye alƙawarinsa na hana Yuro sauka ƙasa da 1.20 na faran, kuɗin ƙasar, alƙawarin da ya riƙe tun Satumban 2011 har mutane suka ɗauke shi dutse. Cikin mintuna faran ya tashi da kusan kashi 30, farashi ya tsallake umarnin mutane bai tsaya a kai ba. Kamfanin dillancin Alpari na Ingila ya karye, takwaransa FXCM kuma sai da aka ranta masa dala miliyan 300 kafin ya tsira, wasu abokan cinikinsu suka wayi gari ana bin su bashi fiye da abin da suka zuba.