Jawabi Kan Kayan Taimakon Naƙasassun Garinmu



Kowace Sallah mukan raba kekunan guragu, a ɗauki hoto, a watse. Kafin damina sarƙa ta tsinke, keke ya koma jingine a zaure, mai shi ya koma rarrafe. Wanda muka bai wa na'urar ji kuwa, batir na mutuwa magana ta ƙare.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ita ta haifar da Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Shawararmu ita ce ƙungiya ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, sannan ta nemi waccan hukuma ta amince da mu a matsayin masu samar da waɗannan kayayyaki da gyaransu. Ba za a amince da mu don daɗin baki ba. Sai an ga shago, da gwanin gyara, da littafin kuɗi mai tsafta.

A Kano, waɗanda shan inna ta naƙasa su ke ƙera kekunansu da hannunsu. Mu tura matasa biyu su koyo, ɗaya daga cikin guragunmu. Kuɗin makarantarsu yana wuyanku, 'yan birni.