Mita kaɗai ba ta isa shaida ba: gwajin caja da inbata a Magamar Jibiya

Ba sai na maimaita abin da ya biyo bayan watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta, mutanen Maraɗi suka ƙara raja'a ga sola. Maganata a kan caja da inbata ce, waɗanda ake saye a Jibiya ko a haye da su ta Ɗan Isa, da kuma yadda muke yanke musu hukuncin inganci.

Mai gyara yakan ɗora mita, ya ga bolt 12, ya ce lafiya lau. Wannan awo na na'urar da ke zaune ne ba a taɓa ta ba. Irin waɗannan na'urori suna kunna wuta suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma a cikinsu akwai da'irar da ke sa ido kan abin da ke fita, tana mayar da labari baya domin a ƙara ko a rage. Idan labarin ya makara, gyaran sai ya zo a lokacin da ba a buƙatarsa, wutar ta riƙa hawa da sauka har ta lalata abin da aka jona. Hanyar auna wannan jinkiri sananniya ce: a cusa ƙaramar sigina ta taransfoma a cikin da'irar, a riƙa sauya saurinta, a zana amsar bisa tsarin Hendrik Bode. Middlebrook ya bayyana dabarar cusawar tun 1975. Daga zanen ake karanta tazarar kariya, kuma injiniyoyi ba sa yarda da wadda ta gaza kusurwar digiri 45.

Babbar hujjata ita ce zafi. Kapasita mai ruwa a ciki, ƙa'idar masu ƙera ta ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. A Jibiya zafin Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano, balle cikin akwatin inbata da ƙurar hunturu ta toshe wa kafofin iska. Ruwan kapasita na bushewa, ƙarfinta na raguwa, turjiyarta na ƙaruwa. Ita ma 'yar na'urar da ke kai labari baya da haske tana raunana da tsufa. Dukansu suna cikin lissafin da'irar, saboda haka tazarar da aka auna a ɗakin gwaji mai sanyi ba ita za a tarar bayan bazara biyu a nan ba.

Za a ce ai akwai takardar shaidar inganci ta SONCAP. Ana ba da ita ne kafin kaya su baro ƙasar da aka ƙera su, suna sababbi fil. Abokan aikina kuma kullum kukansu tsadar na'urar awo. Osiloskop da kaya mai jan wuta da za a jona farat ɗaya sun isa mafari: idan layin da ke fuskar osiloskop ya yi ta kaɗawa kafin ya natsu, tazarar ta yi kaɗan.

Shawarata biyu ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ta kafa teburin gwaji, ta riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwar Jibiya, ta auna shi cikin zafi irin namu, ta buga sakamako da Hausa. Sannan kada a yaye ɗalibin lantarki sai ya auna da'ira guda da hannunsa.